Neman shawara: in yi ritaya a Kotakachi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara 29 ina tuƙin tasi a New York, bana na cika 66, gwiwa ta fara gardama, sanyin hunturu kuma har ƙashi nake jinsa. Fanshon da zan riƙa karɓa, in aka cire kuɗin haya a Bronx, saura bai taka kara ya karya ba. Wani abokin aikina ɗan Ekwado ya daɗe yana yi mini tallar garinsu, Kotakachi, ɗan ƙaramin gari a tsaunukan Andes na Kudancin Amurka, tafiyar kamar awa biyu daga Kito, babban birnin ƙasar. Wai babu zafi babu ƙanƙara, dala ake kashewa, dattawan Amurka da yawa sun tare a can. Komawa gida na cikin raina, amma 'ya'ya da jikoki duk suna nan. Uwargida ta ce ita dai ba ta ce a'a ba. Don Allah a ba ni shawara.

Wani daga Houston: Wa'alaikumus salam Alhaji. Na yi mako biyu a can. Gari ne mai tsafta da natsuwa, tsakanin manyan duwatsu biyu, akwai titi guda da ba a sayar da komai sai kayan fata, ƙamshin ma sai da ya tuna mini da dukawan Kano. Amma abokinka bai gaya maka tsayin wurin ba: wajen mita 2,400 ne sama da teku. Daren farko na farka ina haki kamar wanda aka koro, matakala goma sai na tsaya na dafa bango. Da magariba sanyi ke saukowa, yawancin gidajen kuma babu abin ɗumama ɗaki. In kana da hawan jini ko ciwon zuciya, likitanka za ka fara tambaya kafin mu. Babban asibiti sai Ibarra ko Kito.

Wani daga Chicago: Kawu, batun takardu ba wuya. Da fasfon Amurka za ka yi kwana 90 ba biza. Bizar 'yan fansho kuma tana neman kuɗin shiga ninki uku na mafi ƙarancin albashinsu, a 2024 dala 1,380 ke nan a wata. Fanshonka zai same ka a can, Medicare kuwa, inshorar lafiyar dattawa ta gwamnatin Amurka, ba ya tsallake iyaka, sai ka sayi inshorar can. Dala suke amfani da ita tun 2000, wannan gaskiya ne. Sifaniyanci fa, kana ji?

Hajiya daga Toronto: Yaya, ka yi haƙuri, "ban ce a'a ba" a bakin mace ba "na yarda" ba ne. Kai za ka fita ka sha iska, ita wa za ta gaisa da shi? Babu suna, babu biki, babu maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce ina kwana da yaren da take ji. Ga abinci: mutanen can suna cin alade sosai, har da kitsensa ake girki, wani lokacin ko a burodi. Nama sai dai ku je kasuwar dabbobi ta Otabalo ranar Asabar ku sayi tunkiya ku yanka da kanku. Shekara 66, da wannan gwiwar, kai za ka riƙa fiɗa?

Wani daga Atlanta: Ƙarshen 2024 fari ya ƙafar da madatsun ruwansu, aka riƙa ɗauke wuta har awa 14 a rana. Ka gudu daga NEPA ta biyo ka, Baba! Rikicin 'yan ƙwaya ya fi ƙarfi a gaɓar teku wajen Guwayakil, amma zanga-zanga kan toshe hanyoyin tsaunuka, kamar a Yunin 2022.

Malam daga Philadelphia: Alhaji, azumi a can da sauƙi, ƙasar tana kan tsakiyar duniya, kusan awa 13 ne ko wane wata, ba irin doguwar ranar da muke sha a nan ba. Akwai masallaci a Kito, amma awa biyu zuwa awa biyu dawowa duk Juma'a, wata nawa za ka jure? Tambayata ɗaya ce, kuma ka yafe mini nauyinta. Ranar da ta Allah ta kasance, wa zai yi maka wanka, su wa za su tsaya sahu, a ina za a sa ka? Ka tuntuɓi limamin Kito ka ji amsa daga bakinsa kafin ka sayi ko da cokali.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Maganar Malam ta hana ni barci jiya. Na karanta wa uwargida amsar Hajiya, ta yi dariya har da hawaye, ta ce a gaishe ki. Mun tsayar za mu je haya ta wata uku, mu sa azumi a ciki, gidan Bronx kuma ba za mu saki ba tukuna. Zan ga likita ranar Talata.