Muhawara: Tsananin Sherif Arpaio ya rage laifi a Marikopa ko bai rage ba?

Malam Sabi'u: Assalamu alaikum 'yan uwa. Magana ce zan ajiye, wanda bai yarda ba ya zo mu yi ta. Tsarin da Joe Arpaio ya bi lokacin da yake sherif na gundumar Marikopa a jihar Arizona shi ne tsarin da ya dace da mai laifi. Gidan yari ba wurin hutu ba ne. A 1993 mutumin nan ya ce ba zai saki fursunoni don ƙarancin ɗaki ba, sai ya samo tsofaffin tantunan sojoji na zamanin yaƙin Koriya ya kafa su a birnin Finiks. Ya hana taba, ya hana kofi, ya mai da abinci sau biyu a rana, ya dawo da fita aiki a ɗaure da sarƙa. Wanda ya kwana a wurin sau ɗaya ba zai so ya koma ba. Kuma jama'a sun zaɓe shi sau shida, daga 1992 har 2012.

Auwal: Wa alaikumus salam. Malam, tukuna, zaɓen ɗan sanda ake yi a can?

Barista Hadiza: Sherif dai zaɓensa ake yi a kusan dukkan jihohin Amurka, Auwal. Ba kamar kwamishinan 'yan sanda ba ne da ake turowa daga sama. Shi ke riƙe da gidajen yarin gunduma, shi ke sintiri a yankunan da ba su da 'yan sandan birni. Gwamna ba ya ba shi umarni a aikinsa na yau da kullum. Masu ƙuri'a da kotu ne kaɗai ke iya taka masa birki. Ka riƙe wannan, domin shi ne tushen maganar.

Malam Sabi'u, ka ce wanda ya kwana ba zai koma ba. To shi kansa Arpaio ya so ya tabbatar da haka. Ofishinsa ne ya ba wasu malaman Jami'ar Jihar Arizona aikin bincike, sakamakon ya fito a 1998. Sun gwama waɗanda suka yi zama a zamaninsa da waɗanda suka yi kafin zuwansa, ba su sami wani bambancin kirki ba wajen sake aikata laifi. Shi ya nemi binciken, ba abokan gabarsa ba.

Malam Sabi'u: Barista, binciken shekarun farko ne wannan. Shuka ba ta yin 'ya'ya ranar da aka dasa ta. Kuma laifuffuka sun ragu a yankin cikin shekarun da ya yi.

Barista Hadiza: Sun ragu a kusan duk faɗin Amurka tun daga farkon shekarun 1990, har a garuruwan da ba su taɓa kafa tanti ko ɗaya ba. Idan ruwa ya sauka a gari duka, ba za ka ce addu'ar gidanku kaɗai aka amsa ba. Sannan Finiks da Mesa da Skotsdel duk suna da nasu 'yan sandan, ba ma'aikatan sherif ke tsaron su ba.

Nura Direba: Ni babbar mota nake ja a ƙasar nan, hanya takan bi da ni ta Arizona da rani. Wallahi Malam, zafin Finiks ba abin wasa ba ne, ƙarfen ƙofar mota ma ba ya taɓuwa. A 2011 shi da kansa ya auna zafin cikin tanti ya samu 145 a ma'aunin Faranhait, wato sama da 60 a namu ma'aunin. Da aka yi masa ƙorafin zafi a wata shekarar, cewa ya yi sojoji a Iraƙi ma a tanti suke kwana kuma ba su yi laifin komai ba. Mutumin da aka kama da tuƙi a buge ko satar kaya a kanti, me ya kai shi ga wannan?

Malam Sabi'u: Tuƙi a buge kisa ne da bai faru ba tukuna, Nura. Kai direba ne, ka fi ni sani. Kuma ku yi adalci: waɗanda ke cikin tantunan an riga an yanke musu hukunci. Ba a kai mai jiran shari'a can.

Alhaji Ɗanladi: Sabi'u, a nan ka faɗi gaskiya, amma rabinta. Ni gandiroba ne har na yi ritaya, bari in yi magana a kan abin da na sani. Tantunan nan ba su wuce ɗaukar mutum kusan 2,000 ba. Sauran dubban suna cikin gine-gine, kuma mafi yawansu masu jiran shari'a ne, waɗanda ba su da kuɗin beli. Doka tana kallonsu a matsayin marasa laifi. Su ma abincin nan suke ci, su ma kamfai mai ruwan hoda suke sawa. A 2008 alƙalin tarayya Neil Wake ya yanke cewa yadda ake riƙe su ya saɓa wa tsarin mulki, musamman ta fuskar magani da abinci da cunkoso.

Abin da mutanen waje ba su gane ba shi ne, wulaƙanci ba ya sauƙaƙa wa gandiroba aiki. Fursunan da ya san akwai abin da zai rasa idan ya yi tsiya, shi ne mai saurin bin doka. Wanda ka ƙwace masa komai tun ranar farko, da me za ka tsorata shi gobe? Kuma idan shugaba yana alfahari da ƙuntatawa a gaban kyamara, ƙaramin ma'aikaci yakan ɗauka an ba shi lasisi. A 1996 wani mai suna Scott Norberg ya mutu bayan an ɗaure shi a kujerar ɗauri a gidan yarinsu. Dala miliyan 8.25 aka biya iyalinsa. Ba a yanke masa hukuncin komai ba lokacin.

Auwal: Baba, shi kamfan ruwan hodan fa, meye hikimarsa? 😂

Alhaji Ɗanladi: Arpaio cewa ya yi farare ana sace su a fita da su. Daga baya kuma aka riƙa sayar wa jama'a irinsu da sa hannunsa a jiki. Ka auna da kanka, yaro.

Malam Sabi'u: Alhaji, ranka ya daɗe, ban isa in ja da kai a aikin da ka ƙare rayuwarka a ciki ba. Amma babu gidan yarin da ba a mutuwa, kuma lauyoyin Amurka ƙara ita ce sana'arsu (Barista ki yi haƙuri). Ku dubi kuɗin da ya rage wa talaka mai biyan haraji. Abincin fursuna ɗaya bai kai rabin dala ba. Tanti kuma ai ya fi gini araha.

Hajiya Binta: Yaya Sabi'u, tunda ka kawo lissafi, mu yi shi har ƙarshe. Ni sana'ata ke nan. Ka rage 'yan kwabbai a kwanon abinci, ka biya miliyoyi a kotu. Bayan ta Norberg, akwai dala miliyan 3.75 da aka biya masu jaridar Phoenix New Times biyu, Michael Lacey da Jim Larkin, waɗanda ma'aikatansa suka kama cikin dare a 2007. Babbar kuwa ita ce shari'ar Melendres. Shi Melendres wani ɗan Mekziko ne da ya shigo da biza mai kyau, aka tsare shi sa'o'i a 2007. A 2013 alƙali Murray Snow ya tabbatar cewa ofishin sherif na tare mutane a hanya saboda kamanninsu na 'yan Latin Amurka. Gyaran da kotu ta tilasta ya ci wa gundumar sama da dala miliyan 200. Ba daga aljihun Arpaio suka fito ba. Paul Penzone da ya gaje shi ya rufe tantunan a 2017, ya ce hakan zai rage kashe kusan dala miliyan 4.5 a shekara. Ashe arahar ma ba ta tabbata ba.

Malam Sabi'u: Penzone ɗan jam'iyyar Dimokurat ne, dole ya kushe aikin wanda ya kayar. Maganar baƙin haure kuma, Arizona tana kan iyaka da Mekziko. Gwamnatin tarayya ce ta gaza, shi ya tashi tsaye. Ita ce ma ta fara ba ma'aikatansa izinin kama su.

Barista Hadiza: Ta ba shi, ta kuma janye izinin kamen kan titi a 2009. Marikopa kanta ba ta taɓa iyakar ba. Amma abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. Tsakanin 2005 da 2007, ƙorafe-ƙorafen fyaɗe da lalata sama da 400 aka kai ofishinsa ba a bincika su yadda ya kamata ba. Wasu a garin El Mirage ne, kuma yara ƙanana ne abin ya shafa, da yawansu 'ya'yan baƙi. Uwa ta kai ƙara, an buɗe fayil, an ajiye. Wannan shi ne ainihin aikin ɗan sanda, sai dai aiki ne na shiru, babu mai ɗaukarsa a talabijin. Mata a ɗaure da sarƙa a bakin titi kuwa, duk duniya ta gani a 1996. Mutumin da ƙuri'a ke riƙe da kujerarsa, wanne kake zaton zai fi ba wa ƙarfi?

Malam Sabi'u: Wannan ta El Mirage ba ni da abin kare ta, Allah ya isar wa yaran. Amma sakacin masu bincike daban, tsarin gidan yari daban. Ni a kan tsarin nake magana.

Barista Hadiza: Ofis ɗaya ne, kasafi ɗaya, shugaba ɗaya.

Nura Direba: Kuma Malam, mai cewa kowa ya bi doka, shi ya bi? A ƙarshen 2011 kotu ta ce ya daina tsare mutane don zargin rashin takardu kawai. Ya ci gaba fiye da shekara. A Yulin 2017 alƙaliya Susan Bolton ta same shi da laifin raina kotu.

Malam Sabi'u: Ba tare da masu taya alƙali yanke hukunci ba, duk da ya nema. Kuma an sanar da tuhumar ana dab da zaɓen 2016. Ba siyasa a ciki? Shi ya sa Trump ya yi masa afuwa a watan Agustan 2017.

Barista Hadiza: Hukuncin da aka nema bai wuce wata shida ba, a irin wannan doka ba ta wajabta masu taya alƙali ba. Afuwa kuma hana ɗauri ta yi, Bolton ta ƙi goge hukuncin daga tarihin shari'ar.

Hajiya Binta: Yaya, ka fara da cewa jama'a sun zaɓe shi sau shida. Jama'ar nan dai su suka kayar da shi a 2016, a ranar da Trump ya ci gundumar. Ya nemi sanata a 2018, 'yan jam'iyyarsa suka ƙi shi a zaɓen fid da gwani. Ya nemi tsohuwar kujerarsa a 2020, haka. Har shugabancin garinsu Fountain Hills ya nema a 2022 bai samu ba.

Malam Sabi'u: Tsufa ne, Binta, an haife shi a 1932 fa. Ni dai har yanzu ina nan a kan cewa mai laifi ya ji a jikinsa. Abin da zan sassauta a kai shi ne masu jiran shari'a, saboda maganar Alhaji. Su a raba su da wannan tsarin.

Alhaji Ɗanladi: To idan ka cire su, Sabi'u, ka cire mafi yawan mutanen da ke hannunsa. Saura 'yan wata uku da 'yan wata shida, waɗanda za su fito su koma unguwa ko ka so ko ka ƙi. Faɗa mini abin da kake so su fito da shi, sai mu ci gaba daga nan bayan Isha'i.