Mun tono tulu a wajen haƙa fandisho, ya za mu yi da shi?

Ɗan Kusiri: Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Yayana ne ke gini a bayan gari, masu haƙa suka ci karo da wani ƙaton tulu, wlh babban mutum zai zauna ciki, a gefensa kuma ga 'yan mutum-mutumi na yumɓu, ɗaya kansa ya gutsure. Har wani dillali ya zo ya taya da sefa dubu hamsin, yaya na son ya karɓa ni kuma raina bai kwanta ba. Wa ya san kan abin nan?

Maman Hafsat: Wa alaikumus salam. Kayan mutanen Sao ne ɗan'uwa, waɗanda ƙabilar Kotoko ke cewa kakanninsu ne. A irin tulun nan suke binne mamaci a zaune, su kife wani tulun a kai, don haka ku daina zurma hannu ciki, ƙila kabari ne. Ka haye gadar Ngeli zuwa Chadi ka je garin Gawi, kamar kilomita 10 ne daga Njamena, akwai tsohuwar fadar sarki da aka mayar gidan tarihi, za ka ga irinsu da idonka. Matan garin har gobe suna ginin tukwane suna zana bangon gidajensu.

Bappa Garwa: Dubu hamsin?? Kar ku sayar. Tun shekarun 1930 su Griaule da Lebeuf, Faransawa masu bincike, suka fara tono a yankin nan, kaya da yawa suna Faransa yanzu, jikokinmu sai sun nemi biza kafin su gani, sannan ɗan abin da ƙasa ta rage mana mu miƙa wa dillali da hannunmu? Abin na ci min rai gaskiya.

Malam na Logon: Ƙanena tunda a ɓangaren Kamaru aka samu kar ku tsallaka ruwa da shi, a kan iyaka zai zame muku magana. Ku fara gaya wa bulaman unguwa, shi ya kai ku ofishin al'adu, a garin Gulfe na nan Kamaru ma akwai gidan tarihin Sao da Kotoko. Kar ku wanke, kar ku liƙe wanda ya gutsure, ku ɗau hoto a inda yake kafin a ɗaga.

Ɗan Kusiri: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na nuna wa yaya, ya ce a rufe ramin da kwano, gobe bayan azahar za mu je wajen bulama.