Neman shawara: ruwa nawa zan ɗauka a tafiyar tsaunukan da ba ruwa?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirin tafiyar ƙasa ta kwana shida cikin tsaunuka, busasshiyar ƙasa ce, inuwa ma sai an nema. Abin da ya ɗaure min kai wata gaɓa ce: kilomita 26 tsakanin maɓuɓɓuga biyu, da hawan mita 1,200 a ciki. Nauyina kilo 70, jakata kilo 13 ba tare da ruwa ba. Lita nawa zan ɗauka? Kuma me ya fi kayar da mutum a irin wannan hanya?

Mai Taswira: Wa'alaikumus salam. Malam, ba da kilomita ake lissafin ruwa ba, da awa ake yi. Akwai tsohuwar ƙa'idar Naismith, tun 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane hawan mita 600. Taka ta ba da awa 7 da 'yan kai. To amma wannan na mai ƙarfi ne a hanya mai kyau. Da kaya a baya, ga tsakuwa tana zamewa, ka sa awa 10 zuwa 11. Da sanyin safiya rabin lita a awa ya isa, rana ta take kuwa sai ka sha kusan lita guda. Ka ga ƙasa da lita 8 ganganci ne.

Ga inda gizo ke saƙar: kowace lita kilo ɗaya ce. 13 da 8 sun zama 21, alhali abin da aka saba ba da shawara shi ne kaya su tsaya kusa da kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jiki, wato kilo 14 a wurinka. Ba za ka kai nan ba, amma ka zazzage jakar nan ka rage kilo 3 ko 4. Ruwa ba a rage shi, tarkace ake ragewa.

Ɗan Sammako: Lissafin ya yi, sai dai ni ban yarda a yi gaɓar a yini ɗaya ba. Ka isa maɓuɓɓugar farko da la'asar, ka yi girki a nan, ka ci, ka sha ka ƙoshi, ka cika gorunanka. Sai ka yi tafiyar awa biyu da sanyin yamma ka kwana a hanya, ba girki ba wanke-wanke. Ka tashi kafin asuba da tocila a goshi, hawan ya ƙare kafin ƙarfe goma. Daga azahar ka nemi gindin dutse ka zauna.

Kada ka amince da ɗigon shuɗin da ke nuna ruwa a taswira, da yawa na damina ne. Ka tambayi wanda ya bi hanyar kwanan nan. In rabin ruwanka ya ƙare ba ka ci rabin hanya ba, juya kawai. Kuma ka raba ruwan gora huɗu ko biyar. Jakar ruwa guda mai tiyo in ta huje a cikin kaya, sai ka ji bayanka ya jiƙe kafin ka sani.

Yaya Nas: Ƙanena, kowa na maganar ruwa an manta gishiri. Gumi na fita da gishiri, in ka yi ta ɗura zallan ruwa awa da awa gishirin jini zai faɗi: ciwon kai, tashin zuciya, ruɗewa. Mutum ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara sha, abin ya ƙara lalacewa. Ka riƙa cin abu mai gishiri a kowane hutu, ko ka haɗa lita ɗaya da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a cika tsororo ba. Ka duba fitsarinka, in ya yi duhu kuma kaɗan ne ruwan da kake sha bai isa ba. Abokin tafiya ya fara sambatu ko tangaɗi cikin zafi, tafiya ta ƙare: inuwa, a jiƙa masa jiki, a yi fifita, a nemi agaji.

Mai Sanda: Abin da ke kayar da mutane gangara ce, ba hawa ba. Yatsu na dukan gaban takalmi har farce ya yi baƙi. Yanke farce, takalmi ya bar sararin babban yatsan hannu a gaba, ka ɗaure igiya ta kama idon sawu kafin ka fara sauka. Da ka ji wuri na zafi, tsaya ka manna filasta, kada ka jira bororo. Sanduna biyu: gajarta su a hawa, ƙara musu tsawo a gangara. Gorunan ruwa su jingina da bayanka a tsakiyar jaka, bel ɗin ƙugu ya ɗauki nauyin, ba kafaɗa ba.

Kuma duk laushin yashin busasshen rafi kada ka kafa tanti a ciki. Ruwan da aka yi can nesa a kan tsauni zai iya zuwa da ambaliya alhali samanka tarwai. Rigar sanyi ma kada ta shiga cikin abin da za ka rage, zafi na sauka kusan digiri 6 da rabi a kowane mita 1,000, ga busasshiyar iska na sa dare ya yi sanyi sosai.

Sabon Shiga: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: mataci ko ƙwayar tsarkake ruwa?

Mai Taswira: Duka biyun. Ruwan irin wannan wuri sau da yawa kwantacce ne mai laka, yana toshe mataci nan da nan. Ka ɗiba ka bar shi ya kwanta, ka tsiyaye na sama ta ƙyalle, sannan ka tace. Ƙwayar ta zama ta ko-ta-kwana, ka karanta takardarta domin wasu sai sun yi awa 4 kafin su gama aiki. In tafasawa za ka yi, minti ɗaya ya isa, minti 3 in ka haura mita 2,000. Daren da sanyi zai kai ga ƙanƙara ka kwana da matacin a cikin bargonka, in ruwan cikinsa ya daskare yana tsagewa ta ciki ba ka gani ba.