Wai Satwik zakaran duniya ne?

Mai Raket: Wallahi raina a ɓace yake. Jiya a gidan kallon unguwarmu ana jiran wasan dare, talabijin ɗaya na gefe babu mai kallonta, na ce a sa mana badminton ko na minti 10 ne. Mai gidan ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Wasan 'yan mata a tsakar gida?" Duk benci aka kwashe da dariya, har da yaro mai tallan gyaɗa. To ku ji: Satwiksairaj Rankireddy na Indiya, haihuwar 2000, zakaran duniya ne a wasan 'yan bibbiyu. Dukan da ya yi wa ƙwallo ya kai gudun kilomita 565 a awa, yana cikin kundin Guinness. A kawo min ɗan ƙwallon ƙafar da shot ɗinsa ya kai rabin haka.

Baban Khalifa: Malam, zakaran duniya a wace shekara?

Mai Raket: Oktoban 2023 ya hau na ɗaya a duniya, Yaya. Je ka duba.

Baban Khalifa: Na ɗaya a jerin maki daban, zakara daban. A gasar duniya tagulla ya samu a Tokyo 2022, ya sake tagulla a Paris 2025. Wanda aka rataya wa zinare shi ne zakara. Mai tagulla mukan ce masa ya yi ƙoƙari.

Ɗan Fagge: Kamar Arsenal a kakar 2022/23 ke nan. Ta kwana ta wuni a saman tebur, City ta zo ta ɗauke kofi.

Gunner Har Abada: Me ya kawo Arsenal nan kuma? Kai ko ta'aziyya aka je sai ka sako mu.

Ɗan Fagge: Misali kawai na bayar. In ya yi maka tsami ba laifina ba ne.

Anti Ummi: Ku duka kuna ta "shi ya ci, shi ya hau". Wasan mutum biyu ne fa. Ina abokin wasansa Chirag Shetty? Shi ne yake tsaye gaban raga yana tare ƙwallo tun ba ta sauko ba, ya tilasta wa abokan karawa su ɗaga ta sama, sannan Satwik ya samu ta dukawa daga baya. In babu mai ɗora tukunya, wa zai yi rabon tuwo?

Mai Raket: Anti, ban raina Chirag ba. Amma Yaya, kofin Thomas fa? Shi ne gasar duniya ta ƙasashe a ɓangaren maza. A 2022 a Bangkok Indiya ta lallasa Indunusiya 3-0 a wasan ƙarshe, ƙasar da ta ci kofin sau 14. Su Satwik ne suka kawo maki na biyu, bayan sun kai bakin faɗuwa a hannun Ahsan da Kevin Sukamuljo. Ba zakarun duniya ba ne a ranar?

Baban Khalifa: Indiya ce zakara a ranar. Ka ce Satwik.

Mai Raket: To Messi ba zakaran duniya ba ne, Ajantina ce?

Gunner Har Abada: Kai! Ya kama ka a nan, Baban Khalifa.

Baban Khalifa: Bai kama kowa ba. A ƙwallon ƙafa babu gasar mutum biyu, a badminton akwai, kuma bai ci ba. Ga Olamfik ma: Tokyo ba su fita daga rukuni ba, Paris 2024 Aaron Chia da Soh Wooi Yik na Malesiya suka sallame su a kwata fainal.

Mai Raket: A Tokyon ai sun doke Lee Yang da Wang Chi-lin, waɗanda suka zo suka ci zinaren. Lissafin rukuni ne ya fitar da su. Ga zinaren wasannin Commonwealth a Birmingham 2022, ga na gasar badminton ta Asiya a Dubai 2023, ga na wasannin Asiya a Hangzhou, ga kofin Indonesia Open. Duk ba ka gani ba?

Injiniya: Ni dai wannan 565 ɗin ce ta tsaya min. A masana'antar Yonex masu ƙera raket a Japan aka auna, ba a tsakiyar wasa ba. Kuma ƙwallon gashin tsuntsu ce, tana barin raket take rage gudu. Kada a riƙa firgita mutane da lamba.

Mai Raket: Tan Boon Heong, mai riƙe da tarihin kafin Satwik, shi ma ai ba a wasa ya yi 493 ɗinsa ba a 2013, kuma shekara 10 babu wanda ya kamo shi.

Ɗan Fagge: Ni abin da na sani a badminton ɗin Indiya shi ne Prakash Padukone baban Deepika ne. Shi ke nan.

Anti Ummi: Ka ga irinta. Mutum ya ci babbar gasar All England a 1980, amma da sunan 'yarsa ka san shi. Kuma in ana maganar 'yan bibbiyu, mata ne suka buɗe wa Indiya hanya. Jwala Gutta da Ashwini Ponnappa sun ci tagullar duniya tun 2011, su Satwik suna firamare.

Injiniya: Chirag haihuwar 1997 ne, Anti. Shekara 14 a firamare?

Anti Ummi: Kai ne hedimastansa?

Gunner Har Abada: Har yanzu ina jiran Ɗan Fagge ya janye maganarsa.

Admin: Jama'a ya isa haka. Abin da aka tsayar: yaron nan ya yi ƙoƙari, amma kamar yadda Baban Khalifa ya yi bayani da hujjoji, ba zakaran duniya ba ne. Maganar kofin Thomas kame-kame ce. Injiniya ya tabbatar mana 565 ɗin ta ɗakin gwaji ce. Misalin Arsenal kuma ya zauna daram, babu batun janyewa. Mai Raket, ka yi haƙuri, gobe ka je da wayarka da data.

Mai Raket: Admin, ba tare kuke zuwa kallo da Baban Khalifa a mashin ɗaya ba?