Banki ba ya ba talaka bashi

Usman Aliero: Jama'a wallahi raina a ɓace yake. Na je banki neman miliyan biyu in sayi albasa yanzu da take arha in aje rumbu har ta yi tsada, sunka ce in kawo rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni) da takardar shige da ficen akawun da C of O (takardar mallaka ta gwamnati) ta gida, ga ruwa kusan kashi 30. Gidan gado ne, wa ya taɓa yi mai C of O? Cinikinmu hannu da hannu ne, mi za su gani a akawun? Ƙasar ga ba a ba talaka bashi.

Bello Jega: Talaka? Mai neman miliyan biyu? Haba Usman, ji tsoron Allah.

Usman Aliero: To buhu nawa za su saya yanzu?

Maman Hafsa: Mu ne talakawa malam, masu ƙuli-ƙuli. Dubu goma ta TraderMoni, rancen gwamnati na ƙananan 'yan kasuwa, munka gani, sauran duk adashi ne ke riƙe da mu, shi babu takarda babu ruwa.

Bello Jega: Kuma an ba talaka. Nan Kebbi Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Anchor Borrowers a 2015, anka ba manoman shinkafa iri da taki da injin ban ruwa, da yawa sunka ce rabonsu ne na gwamnati sunka ƙi biya.

Ɗan Argungu: Wanda ambaliya ta cinye ma gona da mi zai biya? Ka taɓa shiga fadama? Kuma rabinsu ba manoma ba ne, yaran 'yan siyasa ne, ku kun san su.

Bello Jega: Mu wa? Fito fili.

Malam Sani: Ku bar wannan. Talaka ko mai kuɗi, bashin ruwa haramun ne. Ga bankin Musulunci na Jaiz nan tun 2012, su saya maka kaya su sayar maka da riba sananna.

Ɗan Argungu: Mutanen Jega dai an san ku da kare gwamnati.

Bello Jega: Kasuwar Jega ta girmi bakinka.

Admin: Ya isa haka. Abin da anka fahimta, gwamnati ta yi nata, mutanenmu ne ba su biyan bashi, kuma Usman ba talaka ba ne.

Maman Hafsa: Admin ai kai ma ɗan Jega ne. Zancen C of O ɗin fa, wa ya amsa mai?