Ina so in bar wa makarantar garinmu fadamata: ta wasiyya zan bi ko ta hubusi?

Mai Fadama ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar malamai da waɗanda suka san aikin kotu. Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Ringim, ma'aikacin gwamnatin tarayya, kuma saura shekara biyu in yi ritaya. Ina da mata biyu, 'ya'ya tara, mahaifiyata kuma tana raye. Abin da Allah ya hore mini shi ne gida, gonakin tudu biyu, shanun noma, fadama ɗaya, sai kuɗin da ke taruwa a asusun fansho.

Burina shi ne amfanin fadamar ya riƙa tafiya ga Islamiyyar garinmu bayan raina, domin malamanta ba su da albashi, kuma duk ranar da hadari ya haɗu sai an sallami yara saboda rufin ajin 'yan mata yana yoyo. Akwai kuma jikana da nake riƙo, wanda mahaifinsa, babban ɗana, ya riga ni komawa ga Allah. Sannan a takardar fansho sunan ɗana na biyu na rubuta a gurbin makusanci, kuma na ji ana cewa hakan ya mallaka masa kuɗin ke nan. Yaya zan yi ba tare da na zalunci kowa ba?

Almajirin Tsangaya ya amsa:

Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya karɓi wannan niyya. Idan mutum ya rasu, daga dukiyarsa ake fara fitar da kuɗin likkafani da jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, abin da ya rage ne magada ke rabawa. Wasiyya ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, wato sulusi. Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, yana kwance ba shi da lafiya a Makka kuma 'ya ɗaya gare shi a lokacin, ya nemi ya bayar da kashi biyu cikin uku, Annabi (SAW) ya hana, ya nemi rabi ya hana, sannan ya yarje masa sulusi, ya nuna masa cewa sulusin ma da yawa, kuma barin magada a wadace ya fi a bar su suna roƙon mutane.

Saboda haka sai a yi wa dukiyarku kuɗi gaba ɗaya. A misali, idan bayan biyan bashi ta kai naira miliyan 9, sulusi miliyan 3 ne. Idan fadamar ta kai miliyan 4, miliyan ɗayan da ya hau ba zai zartu ba sai da yardar magada.

Maganar jikanku ta fi damuna fiye da ta makarantar. Tunda baffanninsa suna raye, sun shamakance shi, ba zai gaji ko taƙi ɗaya daga gare ku ba. Amma wannan ne ya buɗe masa ƙofar wasiyya, domin wanda aka hana yi wa wasiyya shi ne magaji. Sai dai shi da makarantar a cikin sulusi ɗaya za su zauna, idan abin da aka rubuta musu ya zarce shi, a rage wa kowa gwargwadon nasa. Ni dai da maraya zan fara.

Hanya ta biyu ita ce hubusi, wato wakafi, tun kuna da rai da lafiya, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Khaibar. Wannan ba ya cikin lissafin sulusi, amma a mazhabar Malikiyya ba ya cika sai an yi hauzi, wato gonar ta fita daga hannunku ta koma hannun mai kula da ita. Wasiyya kuna iya janye ta ko ku sauya ta a kowane lokaci, hubusin da aka miƙa kuwa ya tafi.

Uwar Marayu ta amsa:

Alhaji, wannan hauzin da Malam ya ambata shi ne ya ci gidanmu. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya faɗa a ƙofar masallaci bayan sallar Magariba cewa gonar da ke bayan makarantar allo ya bar wa almajirai. Kowa ya ji, aka yi masa addu'a. Amma shi ya ci gaba da noma ta shekara shida, geron yana shiga rumbunsa, sai dai ya aika wa malamin dami biyu ko uku da kaka. Da ya rasu babu takarda, biyu daga cikin dattawan da suka ji maganar sun riga shi tafiya, gonar kuma ba ta taɓa barin hannunsa ba, sai aka sa ta cikin gado. Wanda ta faɗo a rabonsa ya sayar. Har yau idan na wuce na ga yaran zaune a gindin darbejiya da allunansu, gonar tana gefe an kewaye ta da bulo, sai in ji hawaye. Don Allah kada ku tsaya a faɗa da baki.

Tsohon Magatakarda ya amsa:

Alhaji, na daɗe ina rubuta shari'ar gado, kuma ina ganin fassara ce ke ruɗa mutane. Gurbin da kuka cike a takardar aiki ko ta banki yakan zo a bakin jama'a da sunan “magaji”, alhali makusancin da za a tuntuɓa idan wani abu ya faru kawai ake nufi. Dokar fansho ta 2014 ta ce kuɗin asusun ma'aikacin da ya rasu ba a sakin su sai an kawo wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci, kuma a raba bisa wasiyyar ko bisa shari'ar da mamacin yake bi. Ke nan ɗanku wakili ne: mahaifiyarku tana da sudusi, wato kashi ɗaya cikin shida, matanku biyu su raba tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, saura na 'ya'ya, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Idan kuna son makaranta ta samu wani abu daga kuɗin, a cikin wasiyya za ku rubuta, ba a wannan gurbi ba.

Inshorar rai ta ma'aikata daban take. Ita ana biyan ta ne ga wanda aka ambata da suna idan mutum ya rasu yana bakin aiki, kuma dokar ta ce kada ta gaza ninki uku na albashin shekara. Malamai sun saɓa kan ko tana cikin gado, don haka ku rubuta ƙarara abin da kuke nufi da ita.

Game da fadamar, ku kira dagaci, liman da maƙwabtan gona a zagaya iyaka, a kafa turakun siminti, domin gamba da ake shukawa a kan iyaka wuta ko garma na iya tafiya da ita. Ku ambaci mai kula da hubusin da wanda zai gaje shi, da abin da za a yi da amfanin. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar karkara ƙarƙashin ƙaramar hukuma, saboda haka ku nemi amincewarta a rubuce, sannan ku kai takardar kotun shari'a a shaida ta.

Mai Fadama ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri. Jiya bayan Isha'i na tara iyalina na karanta musu amsoshinku. Mun tsaya a kan in raba fadamar biyu: ɓangaren da ke bakin ruwa zan miƙa wa kwamitin makaranta da zarar an yanke alkamar bana, su noma da hannunsu, jikana kuma in rubuta masa gonar tudu ɗaya a wasiyya. Uwargidana ta kawo wata tambaya da ban iya amsawa ba, Allah gafarta Malam: idan wata rana makarantar ta watse, ina amfanin hubusin zai koma, kuma ya halatta in rubuta tun yanzu cewa a mayar da shi ga gyaran rijiyar burtsatsen gari?