Göbekli Tepe: Wurin Bauta Ne Zalla Ko Gari?

Malam Habu: Jama'a, ina nan a kan bakana. Göbekli Tepe, tsohon kufan nan da ke kan wani tudu kusa da birnin Şanlıurfa a Turkiyya, wurin bauta ne zalla, ba gari ba. Ra'ayin Klaus Schmidt ke nan, Bajamushen da ya fara tono wurin a 1995: maharba ne ke taruwa, su yi tsafinsu, su watse. Wa zai sassaƙa ginshiƙin dutse mai tsawon mita 5 da rabi, ya zana kunama da maciji da ungulu, don kawai ya kwana a gindinsa?

Hajiya Binta: Allah gafarta Malam, maganar nan ta kwana biyu. Schmidt ya rasu a 2014, tono kuwa bai tsaya ba. Magadansa sun tarar da ɗakunan zama, da ramukan da aka fafe cikin dutse don tara ruwan sama, ga duwatsun niƙa sama da 7,000. Ni da na taso ina niƙa a gidan kakata na san dutse ba ya lotsawa a rana ɗaya. Sai tafin hannu ya yi kanta, shekara da shekaru, kafin tsakiyarsa ta yi kwarmi.

Malam Habu: Niƙan biki ne, Hajiya. Taro ai sai da ci.

Sadiƙu: Ni abin da ya ɗaure mini kai, shekara sama da 11,000, ba ƙarfe, ba ko tukunyar ƙasa. Anya ba aljanu ba ne?

Hajiya Binta: Kai yaro, ƙyale aljanu su huta. Inda aka fasa duwatsun yana nan a kan tudun, har da wani ginshiƙi da ba a ƙarasa ɓamɓarowa ba, kwance inda suka bar shi.

Malam Habu: To binne wurin da suka yi da gangan fa? Gida ake yi wa haka?

Kawu Isa: Wannan ma an sake dubawa, Malam. Masu tonon yanzu sun fi karkata ga cewa ƙasa ce ta riƙa zaftarowa daga gangare tana rufe gine-ginen. Amma ke ma Hajiya kada ki zarce. Samun ɗakin kwana bai kore bauta ba, ana iya zama a wuri kuma a yi tsafi a cikinsa.

Malam Habu: Yawwa, Kawu! Manyan ginshiƙai biyu da ke tsakiyar ɗaya daga cikin gine-ginen har hannaye da ɗamara aka sassaƙa musu, kamar mutane a tsaye. Hajiya ta gaya mini wane aikin gida suke yi.

Hajiya Binta: Sai ka fara gaya mini wa zai fafe tafkin ruwa a cikin dutse saboda bikin kwana uku.